Mafarkin goyo da na biki sun hana ni barci, an ce namijin dare ne

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 28, shekara biyar da aure. Na taɓa samun ciki sau ɗaya, ya zube yana wata huɗu, aka yi mini wankin ciki. Yau shekara biyu ke nan, shiru. Al'adata ma ta rikice, sai in yi wata biyu ko uku ban gani ba, in je gwaji a ce babu komai. Abin da ya sa na rubuto miki mafarkai ne. Kusan kullum sai na ga kaina da tsohon ciki, ko ina shayar da jariri har ina jin ɗuminsa a jikina, wani lokaci in ajiye shi in neme shi in rasa. In na farka sai in tarar gaban rigata ya jiƙe da ruwan nono. Ina kuma yawan ganin ana bikina, an sa mini lalle, ana guɗa, amma ba na ganin fuskar angon. Sau biyu na ga maigidana ne ango, amaryar ba ni ba ce. Na faɗa wa yayar maigidana, ta kai ni wurin wani mai magani. Ya ce namijin dare ne ya aure ni, 'ya'yansa nake shayarwa, shi ya zubar mini da ciki, kuma sai na kawo naira dubu 150 za a raba mu. Wata ƙawata kuma ta ce mafarkin biki mutuwa ne. Yanzu tsoron kwanciya nake yi, ina ji kamar ina cin amanar mijina a cikin barci. Ina shirin sayar da 'yan kunnena na gwal. Me zan yi?

'Yarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ki mayar da 'yan kunnenki inda kika ɗauko su. Kada ki sayar, kada ki jinginar, kada kuma ki koma wurin mutumin nan. Zan gaya miki dalilina a hankali, na dai fara da wannan ne don kada ki riga amsata zuwa kasuwa.

Allah ya ba ki haƙurin cikin da kika rasa, Allah ya sa mai ceto ne. Da wuya a ce an zauna an yi miki gaisuwa a kansa. Mu a wurinmu ba a ɗauki ɓari a matsayin mutuwa ba. A ce miki "Allah ya mayar da alheri", a dama miki kunu, bayan sati biyu a sa ran kin koma tuƙa tuwo kamar ba a yi ba. Alhali mace mai cikin wata huɗu ta riga ta zaɓi suna a ranta, ta ƙirga watan haihuwa, wataƙila ma ta sayi zanen goyo ta ɓoye a ƙasan akwati. Jaririn nan da kike ajiyewa a mafarki ki neme shi ki rasa, ban ga abin da zai kai mu duniyar aljanu neman ubansa ba. Kin san shi, naki ne, kuma ba a ba ki damar yi masa kuka ya ishe ki ba.

A duk wasiƙarki akwai abu guda da yake a zahiri, ana iya taɓa shi da hannu, shi ne rigar da kike tararwa a jiƙe. Shi mai maganin ya kafa hujja da shi. Ni ma da shi zan kafa tawa, don shi ne ya fi komai ba ni fata a kanki.

A ƙasan ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, likitoci suna kiranta fituwitari. Cikin sinadaran da take sakewa a jini akwai wanda ake kira furolaktin, aikinsa samar da nono. In mace ta haihu sai ya yi yawa, nono ya kawo, kuma shi ne yake danne fitar ƙwai. Abin da iyayenmu suka sani ke nan tun ba a zo da asibiti ba: mai shayarwa takan daɗe ba ta ga jini ba, ciki ma ba ya saurin shiga. To akwai matan da sinadarin nan yake hauhawa a jikinsu ba goyo ba ciki. Sai jiki ya ɗauka shayarwa ake yi. Nono ya riƙa ɗiga, al'ada ta riƙa tsallake watanni, ƙwai ya daina fita a kan lokaci, ciki ya ƙi shiga. Ki sake karanta wasiƙarki, ruwan nono da rikicewar al'ada da rashin ciki, duka ukun kin lissafa su da hannunki. Duk likitan mata da ya ji su a jere, gwajin furolaktin yana cikin abin da zai fara rubuta miki, kuma ɗan jini ne za a ɗiba a hannu.

Abubuwan da suke jawo hawansa sanannu ne. Wani lokaci ɗan ƙari ne a jikin tsokar nan, wanda galibinsa ba ciwon daji ba ne, kuma ƙwayar magani tana sa shi ya ƙanƙance. Wani lokaci tayirod ce ta yi rauni, wato tsokar nan ta wuya da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Wasu magungunan amai da wasu na lalurar ƙwaƙwalwa ma suna jawo shi. Yawan matsa nono don a duba ko har yanzu yana fitowa shi ma ƙara kawo shi yake yi, saboda haka ki daina matsawa daga yau. In gwaji ya tabbatar, akwai ƙwayoyin da ake bayarwa, buromokiriftin ko kabagolin, kuma mata da yawa al'adarsu tana daidaita cikin 'yan watanni, su ɗauki ciki. Na ambaci sunayen ne don ki gane su in likita ya rubuta. Kada ki aiki yaro kemis ya sayo miki. In kuma kina fama da ciwon kai mai naci, ko ganinki ya fara raguwa ta gefe, ko ruwan yana fitowa daga nono guda da jini-jini, ko kin ji ƙullutu, to kada ki jira sati mai zuwa.

Shi furolaktin ɗin nan a cikin barci ya fi hawa. Ki haɗa wannan da abin da kowa ya sani game da mafarki. Yaron da fitsari ya matse shi cikin dare sai ya yi mafarki ga shi a bayan gida, ya tsuguna, ya farka a jiƙe. Mai barcin da ladan ya fara kiran assalatu yakan ga kansa a masallaci. Abin da jiki yake ji shi zuciya take ɗauka ta ɗinka masa labari. Ke nononki ya cika ya yi nauyi, ya fara ɗiga, ga zuciyar da ta kwana biyu tana begen goyo. Wane labari kike so ta ɗinka in ba na shayarwa ba? Mai maganin ya ce mafarkin ne ya kawo nonon. Ni na ce ki juya maganar, nonon ne ya kawo mafarkin, kuma tawa maganar ana iya auna ta a asibiti da kuɗin da bai kai ko kusa da abin da ya nema ba.

Game da ƙarfin mafarkan, da yadda kike jin ɗumin jariri kamar gaske, shi ma yana da bayani. A 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka lura cewa akwai lokutan da idon mai barci yake ta motsi a ƙarƙashin fatarsa, kuma in an tashe shi a daidai lokacin yakan ba da labarin mafarki tiryan-tiryan. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan duk minti 90, kuma wannan kashin na motsin ido ya fi tsawo a ƙarshen dare. Shi ya sa mafarkin goshin asuba, da na barcin da ake komawa bayan sallah, suka fi zama a rai. A wannan lokaci ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda yake a farke, jiki kuwa a ɗaure yake don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wanda ya farka kafin ɗaurin ya sake shi, shi ne yake cewa dannau ya danne shi.

Kowa yana mafarki kowane dare, sai dai wanda barcinsa yake yankewa shi ya fi tunawa. Masu ciki suna ba da labarin mafarkai masu ban al'ajabi, su haifi kyanwa, su manta jariri a kasuwa, don fitsari da ƙwarnafi da motsin ɗa suna ta tashinsu. Ke kuma tsoro ne yake tashinki. Kuma akwai wani abu da nake so ki riƙe: wanda ya hana kansa barci, ranar da barcin ya kayar da shi sai kashin nan na mafarki ya zo da ƙarfi fiye da da, kamar mai rama bashi. Wato zaman da kike yi ido biyu don gudun mafarki, shi yake ƙara masa kaifi. Zazzaɓin cizon sauro da wasu magunguna su ma suna yin haka.

Yanzu mu zo wurin da na san zuciyarki ta fi ciwo, maganar cin amana. 'Yata, ba ki ci amanar kowa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an ɗage alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da mai barci har sai ya farka. Ba a rubuta miki komai ba. Ummu Sulaim ta zo gabansa ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, shin mace tana da wanka in ta yi mafarki? Ya ce e, in ta ga ruwa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Iyakar abin da ya ɗora mata ke nan, wanka. Bai ce aljani ya aure ta ba, bai tura ta wurin kowa a raba su ba.

Ba na musun aljanu, ga sura sukutum da sunansu a cikin Alƙur'ani. Abin da nake musu shi ne jerin nan da ake yawo da shi a WhatsApp da bakin masu tallan magani a lasifika, wai alamomin jinnul ashiƙ, wato namijin dare: mafarkin jarirai, mafarkin ruwa, mafarkin biki, ciwon mara, ciwon kai, faɗuwar gaba, saurin fushi, jinkirin aure. Jerin nan ba aya ba ne, ba hadisi ba ne. Ki karanta shi a gidan suna ki ga ko akwai macen da za ta tsira daga cikinsa. Rigar da aka ɗinka don ta shiga kowa ce, shi ya sa da aka sa miki kika ga ta yi miki daidai.

Abin da ya tabbata shi ne mafarki kashi uku ne: akwai bushara daga Allah, akwai na Shaiɗan don ya baƙanta wa mumini rai, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum yake saƙawa a ransa da rana ya gan shi da dare. Muhammadu ɗan Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, wanda kowane mai fassarar mafarki yake jingina da sunansa, shi da kansa ya ruwaito hadisin nan daga Abu Huraira. Littafin fassarar da ake sayarwa a bakin masallatai da sunansa kuwa, malamai masu bincike sun yi shakkar cewa shi ya rubuta. Kashi na ukun nan an fi mantawa da shi, don ba ya kawo wa kowa kuɗi. Ki duba yininki. Shekara biyar kina zuwa barka, kina zuwa suna, ana miƙo miki jariri ana cewa "saura ke". Duk wata kina ƙirga kwanaki. In al'ada ta yi jinkiri sai zuciya ta tashi, ki sayo abin gwaji, layi ɗaya ya fito, ki shige ɗaki ki yi kuka ba wanda ya sani. Macen da take wannan yinin, in ba ta yi mafarkin ciki ba shi ne zan yi mamaki.

Ko da a ce wani daga cikin mafarkan yana da fassara, ba kowa ake kai wa ba. An tambayi Imamu Malik ko kowa yana iya fassara mafarki, ya ce, "Da annabci ake wasa?" Ya faɗi haka ne don mafarki nagari yanki ne daga yanki 46 na annabci. Ki kuma dubi yadda Annabi da kansa yake yi. Ummul Fadli matar baffansa Abbas ta zo masa a tsorace, ta ce ta ga kamar an yanko wani sashe na jikinsa an ajiye a ɗakinta. Mafarki ne da in aka kai wa masu maganin yanzu sai sun nemi rago. Shi kuwa ya ce alheri ta gani, Faɗima za ta haifi ɗa namiji, ita kuma ta shayar da shi, haka kuma aka yi. Mace ta shigo da fargaba ta fita da bushara. Ke kin shiga wurin mutumin nan da fargaba ɗaya, kin fito da miji aljani da 'ya'yan aljanu da bashin dubu 150.

Ƙawarki kuma ki yafe mata, abin da ta ji ta faɗa. Ƙarshen Suratu Luƙman ya rufe wannan ƙofar: babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Da mafarkin biki yana kashewa, da 'yan mata sun ƙare a gari duk bayan sallah. Angon da ba kya ganin fuskarsa ma ba abin tsoro ba ne. Mafarki cike yake da mutanen da ba a sani ba, da gidan da ake ji na mutum ne amma ɗakunansa sun canza.

Mafarkin da ya fi ba ni tausayi shi ne wanda kika ambata a layi guda kika wuce, na maigidanki yana ango. Ba na jin labarin gaibu aka kawo miki. Tsoron da kike kwana da shi ne ya fito fili, kuma tsoro ne mai dalili, don kin san yadda dangin miji suke fara magana in an shekara biyar babu haihuwa, tun ana yi da habaici har a fito a ce "ya kamata ya ƙara". Kada ki tashi da safe ki ɗaure masa fuska a kan auren da bai yi ba. Amma kada kuma ki ci gaba da haɗiye abin ke kaɗai. Ki samu lokacin da yake cikin natsuwa, ya ci ya ƙoshi, ki ce masa rashin haihuwar nan yana cin ranki, kina tsoron ranar da za a sa shi gaba, kina so ku nemi magani tare. Ba sai kin kawo zancen mafarki ba. Abin da zai amsa miki ya fi duk wata fassara amfani, ko mai daɗi ne ko marar daɗi, don a kansa za ki san inda kika tsaya.

Na ce ku nemi magani tare, kuma da gaske nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na talakawa. Ma'aunin likitoci shi ne shekara guda ana tare ba tsarin iyali ba a samu ciki ba, ku kun ninka haka. Kuma a kusan rabin ma'auratan da ake dubawa, akwai hannun ɓangaren namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da na matar. Namiji yana iya zama lafiyayye a shimfiɗa amma ƙwayoyin maniyyinsa su yi kaɗan ko su yi rauni, saboda hangum da ya yi bayan balaga, ko ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko kumburin jijiyoyin maraina. Gwajinsa ya fi duk naki sauƙi da araha, 'yan kwanaki ne zai ƙaurace miki sannan ya ba da samfuri. Maza da yawa suna jin nauyin wannan, saboda haka ki bar likita ya rubuta takardar da hannunsa, ya fi sauƙin karɓa daga bakinsa. Ki kuma tuna masa, ki tuna wa kanki, cewa kun taɓa samun ciki. Wannan babbar alama ce mai kyau. Ɓari kuma ya fi yawa fiye da yadda ake zato, cikin kowane ciki goma da aka san da shi ɗaya zuwa biyu yana zubewa, kuma mafi yawan matan suna haihuwa lafiya daga baya.

A nan ne maganar namijin dare take yin ɓarnar da ba a gani. Da zarar sunan ya manne miki a dangin miji, an gama shari'a. Laifin ya koma kanki, ba wanda zai ƙara tambayar ko shi an duba shi, ba wanda zai ce a auna jininki. Shekaru su yi ta tafiya a hayaƙi da rubutu da jiƙe-jiƙe, alhali shekarun mace a wannan fanni suna da tsada. In dubu 150 ba ta yi aiki ba za a ce aljanin mai taurin kai ne, a kawo wata. Ban san zuciyar yayar maigidanki ba, mai yiwuwa taimako ta nufa, don ita ma abin da ta taso ta gani ke nan. Ki gode mata, ki ce kin fara ganin likita kuma kina addu'o'inki, ki tsaya a nan. Daga yau kuma mafarkinki ya daina fita daga bakinki zuwa kunnen dangi da ƙawaye. Annabi Yaƙubu ma cewa ya yi da Yusufu kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, ga shi kuwa mafarkin alheri ne.

Ina roƙonki da babbar murya a kan abu biyu. Kada ki yarda ki keɓe da wani namiji a ɗaki da sunan cire aljani, ko ya taɓa jikinki, ko ya karɓi kamfanki ko gashinki. Mata sun shiga irin ɗakunan nan da matsala ɗaya sun fito da wadda ba sa iya faɗa wa kowa. Wanda kuma yake ba ki labarin gaibu, ya ƙirga miki 'ya'yan da kika haifa wa aljani, ki tuna hadisin Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Na biyu, kada ki cusa komai a gabanki da sunan matsi ko buɗe mahaifa, kada kuma a kai ki wurin wanzami ko unguwarzoma a yi miki yankan gishiri don al'ada ta ɗauke. Matsin yana iya ƙona wurin ya haɗe shi, yankan kuwa yana cikin abubuwan da suke kai mata ga yoyon fitsari.

Ruƙiya kuwa kina da ita a bakinki, kyauta. In za ki kwanta ki yi alwala, ki karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a tafukanki ki shafe jikinki sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ce Annabi yana yi kowane dare. In kin ga abin da ya tsorata ki, ki yi tofi ta hagu sau uku, ki nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da kika gani, ki juya kwanciya, in kin so ki tashi ki yi nafila. Alƙawarin da ya zo a hadisin shi ne ba zai cutar da ke ba. Abu Ƙatada, sahabi ne guda, ya ce shi ma yakan yi mafarkin da yake sa shi rashin lafiya har sai da ya ji wannan daga bakin Annabi. Ki riƙe addu'ar Annabi Zakariyya ta cikin Suratul Anbiya, "Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin", wadda ya yi ta yana tsoho matarsa ba ta haihuwa.

Ki kuma taimaki barcin naki. Ki riƙa kwanciya a lokaci guda, ki ajiye waya tun kafin ki hau gado, musamman bidiyoyin nan na masu ruƙiya da mata suna ihu, don abin da ido ya gani da dare shi zuciya take juyawa. Shayi mai ƙarfi da goro ki bar su da yamma. In kin ga baƙin ciki ya zauna miki fiye da sati biyu, abinci ya fita ranki, ba abin da yake miki daɗi, ko kin fara jin gara ki mutu, ki faɗa wa likitan a wannan zuwan, don ciwon damuwa bayan ɓari sananne ne kuma yana da magani.

Ki fara da sashen mata na babban asibitin garinku, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki asibitin koyarwa na Shika, ba nisa daga Funtuwa. Bayan furolaktin da tayirod, za su yi miki hoton mara su duba mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, mai yiwuwa kuma su yi hoton da ake zuba ruwa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, don wankin ciki wani lokaci yana barin tabo ko ya shigar da cuta. Ki tafi da kwanakin da kika ga al'ada a watanni shida da suka wuce, a rubuce. Ki zuba duk abin da kike sha a leda ki tafi da shi, na asibiti da na gargajiya, har da wanda mai maganin ya ba ki. In katin wurin da aka yi miki wankin ciki yana nan, ki haɗa da shi. Ki tambaye su ƙwayar folik asid da ake so mai neman ciki ta fara sha tun kafin ya shiga. Maganar ruwan nonon kuma ki faɗe ta da bakinki tun a farkon zama, kada kunya ta sa ki jira sai an tambaye ki. In sakamakon ya fito ki rubuto mini abin da aka gani.